Jan Injin da Baba Ya Saya

A unguwar Ƙofar Kwaya akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. Tana da ƙoƙari ƙwarai, ita ce ta ɗaya a ajinsu. Sunan kakarta aka sa mata, shi ya sa babanta yake ce mata Uwata.

Babanta direba ne. Yana da ƙaramar mota, yana jigilar fasinja tsakanin Katsina da Daura. Bai yi karatun boko ba, amma yana alfahari da karatun ɗiyarsa.

Kujerun motar na yadi ne. Yau yaro ya zubar da fura, gobe wata ta zubar da manja. In ya kai wa masu wankin mota, sai su jiƙa kujerun sharkaf, a kwana biyu ba su bushe ba.

Wata rana abokinsa Lawal ya ba shi labarin wani inji. Injin yana fesa ruwan sabulu a kan kujera, sannan ya tsotse ruwan tare da dattin. Baba ya ce lalle zai nemi mai sauƙin kuɗi, ya riƙa wanke motarsa a gida.

Ran Asabar da safe ya ce, "Uwata, sa hijabinki ki raka ni. Rubutun jikin kwali duk Turanci ne. Ke za ki karanta mani."

Suka tafi wani shago kusa da Ƙofar Kaura. Fastocin zaɓen da ya wuce suna nan manne a bangonsa. Mai shagon, Alhaji Sada, ya tarbe su da fara'a. Bayan sun gaisa, ya fito da inji uku. Na farko babba ne, kuɗinsa ya fi ƙarfin Baba. Na biyu shuɗi ne na hannu, duk jikinsa ya goge. Na uku ja ne, sabo fil, kuma ya fi sauran araha.

"Wannan jan yana tsotse ruwa kuwa, Alhaji?" in ji Baba.

"Gaskiya jiya aka sauke shi, ban gwada ba," in ji Alhaji Sada. "Amma ga bayaninsa nan a jikin kwali."

Baba ya yi murmushi. "Ai na zo da malama. Ɗiyata ce ta ɗaya a ajinsu. Uwata, karanta mana."

Yarinya ta sunkuya. Rubutun ƙanana ne, kalmomin kuma dogaye. Yawancinsu ba ta taɓa ganinsu ba. Ta ɗago kai, ta ga Baba da Alhaji duk ita suke kallo. Kunya ta kama ta. Ta ga hoton mota a gefen kwalin.

"E, Baba," ta ce. "Yana tsotsewa."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Baba ya biya, suka dawo gida da jan inji.

Da la'asar aka kawo wuta. Baba yana sauri, don wata mata mai suna Hajiya Furera ta yi shatar motar. Gobe da safe zai kai ta Daura wajen suna.

Ya duba injin, bai ga wurin zuba ruwan sabulu ba. Ya ce, "To, bari mu zuba da hannu, shi kuma ya tsotse."

Yarinya ta kawar da kai, ta bar shi ya ci gaba.

Baba ya jiƙa kujerun baya da ruwan sabulu. Ya kunna injin, ya ɗora bakinsa a kan kujera. Injin ya yi ƙara, ya yi kamar mai tari. Sai ga hayaƙi da warin ƙonewa.

"Matsa baya!" Baba ya daka mata tsawa. Ya yi maza ya kashe wutar daga bango.

Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni. Amma injin ya mutu, kujeru kuma sun jiƙe.

Da safe Hajiya Furera ta zo. Ta taɓa kujera, ta girgiza kai. "Malam, ka yi haƙuri. Ba zan zauna a nan da kayan fita ba." Ta tafi tasha ta nemi wata motar.

Baba ya zauna a kan benci. Can ya ce, "Ashe kayan banza Alhaji ya sayar mana. Gobe zan je in faɗa masa ba daɗi."

Yarinya ta fashe da kuka.

"Mi ya faru, Uwata?"

"Baba, ba laifin Alhaji ba ne. Ni ce. Ban gane rubutun ba. Na ji kunya ne in ce ban iya ba."

 Baba ya kamo hannunta ya zaunar da ita kusa da shi.

"Kin yi kuskure babba. Da wuta ta ja ni fa? Amma ni ma da nawa laifin. Na yabe ki gaban mutane har kika kasa faɗin gaskiya. Share hawayenki."

Ran Litinin ta tafi makaranta da takardar bayanin da ke cikin kwalin injin. Ta nuna wa Malama Mary, mai koya musu Turanci.

Malama ta karanta, ta ce, "Ayya! Wannan na ƙura ne kawai. Ga shi an rubuta kada ruwa ya taɓa shi."

"To, Malama, yaya ake gane na ruwa?"

"Zai zo da tanki biyu, ɗaya na ruwa mai tsabta, ɗaya na ruwan datti. Ku duba mai siririn baki, wanda zai shiga lungun kujera. Kuma ku ce a gwada a gabanku." Malama ta dafa kafaɗarta. "Ni kaina akwai kalmomin da ban sani ba. In na gamu da su, ƙamus nake dubawa."

Bayan an tashi daga makaranta, ita da Baba suka koma shagon. Da bakinta ta gaya wa Alhaji Sada abin da ya faru. Ba ta ɓoye komai ba.

Alhaji ya ce, "Allah ya yi maki albarka, yarinya. Ni ma bai kamata in sayar da abin da ban gwada ba. Ku bar jan nan, zan ba mai gyara."

Ya jawo shuɗin injin nan na hannu. Yarinya ta duba da kyau. "Baba, ga tanki biyu. Ga kuma siririn baki. Amma wannan kalmar ban san ta ba." Ta ciro ƙamus daga jakarta ta duba.

Aka gwada injin a kan wani tsohon kafet. Baƙin ruwa ya taru a tanki, wurin ya fito fes. Alhaji ya musanya musu da shi.

A gida suka fara da kujera ɗaya. Kafin magariba ta bushe, tana ƙanshin sabulu. Baba ya yi ta dariya don murna, ita ma tana taya shi.

Tun daga ranar, in an tambaye ta abin da ba ta sani ba, sai ta ce, "Ban sani ba, amma bari in tambaya."

Yara, ba abin kunya ba ne mutum ya ce bai sani ba. Abin kunya shi ne ya yi ƙaryar sani, har ya jawo wa wasu asara.