Jan Alli a Wuyan Hannuna

Ranar Laraba da yamma na rufe shagon ɗinkina na nufi kasuwar Katako da kular tuwo, don in ga ƙanena Sharafaddeen da idona. Kwana uku ke nan matarsa Lai'atu ta koma gidansu, wai ya samu taɓin hankali. Ni ban yarda ba. Na san ta da raki, sai na ce gajiya ta yi da shi take neman dalili.

Sharafa yankan katako yake yi. Shekara huɗu da suka wuce inji ya cinye masa hannun dama, wani kamfani ya dasa masa na ƙarfe mai haɗe da jijiya. Wannan dai larura ce. Amma na hagu lafiyarsa ƙalau ya je aka cire aka sa na ƙarfe, wai nawa gare shi, ba ya kamo ɗan'uwansa a wurin aiki. Daga nan sai gwiwoyi, sai kunnuwa, sai ido ɗaya. Likita ya ja masa kunne kan wani ciwo da suke kira ƙyamar tsoka: idan ƙarfe ya rinjayi nama, ƙwaƙwalwa takan fara ganin naman a matsayin ruɓa. Tsofaffin unguwarmu kuwa cewa suke aljanu ne ke tarewa a ƙarfen da aka dasa ba bisimilla.

Na tarar kasuwa ta watse, rumfarsa kaɗai ce a buɗe. Warin ɗanyen itace da baƙin mai ya cika wurin. Yana bin katakai yana ƙwanƙwasawa, ya kasa kunne, inda ya ji ruɓa ya ja layi da jan alli. Haka yake aiki tun da can. Duk abin da ya sha layi, na inji ne.

Ya tarbe ni da fara'a, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya. Har na fara zagin Lai'atu a raina. Sai dai tuwon ko buɗe shi bai yi ba, kuma ba fuskata yake kallo ba.

"Yaya," ya ce a hankali, "wuyan hannunki yana kuka."

Wata biyu ina fama da ciwonsa, sanyin Jos da riƙon almakashi, amma ko mijina ban gaya wa ba. Na ce masa lafiyata lau.

Ya ce tun daga bakin titi yake jin sa, ƙiii, ƙiii, kamar tsohuwar ƙofa.

Ya kama hannun. Yatsunsa sanyi ƙalau. Ya ƙwanƙwasa ƙashin sau biyu, ya karkata kai yana saurare.

A lokacin na tuna jan layin da Lai'atu ta nuna mini a gwiwarta tana kuka, na ce da janbaki ta zana.

Allin ya zagaya wuyan hannuna.

Ya taka wani abu da ƙafa. Inji ya tashi.

Na fizga. Ko motsi riƙon bai yi ba.

"Ba daɗewa, Yaya. Za ki huta."

Wallahi da tausayi ya faɗa, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Can aka soma kiran magariba. Na roƙe shi ya bar ni in yi alwalar ƙarshe da hannun.

Ya tsaya cak. Idon ƙarfen yana kan layin. Na naman kuwa ya ciko da hawaye.

"Buta tana waje," ya raɗa. "Can nesa, Yaya. Nesa sosai."

Yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, kamar da ƙyar.

Takalmina ɗaya yana can har yau.

Washegari 'yan'uwa suka kai shi asibiti, mutum shida suka riƙe shi. Na je na durƙusa na ba Lai'atu haƙuri. Allin ya fita da wanki ɗaya. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, duk safiyar da sanyi ya tsananta, almakashi ya gagare ni, sai in kama kaina ina kallon wurin da layin ya bi. Daidai nan ciwon yake tsayawa. Sharafa bai kuskure awo ba.