Turaren da Ya Kori Giwaye

A bangon aji biyar akwai hoton wani shahararren gandun daji. Giwaye ne cike da hoton, ga zaki yana hamma a gefe. Wata yarinya kullum sai ta tsaya kallonsa.

Da aka ce za a kai su can, ta koma gida da gudu. Ƙaninta Auta yana kwance, ya karye a ƙafa.

"Yaya, ki ɗauko mini hoton giwa."

"Ɗaya kawai? Garke guda zan kawo maka."

Baba ya ara mata wayarsa. Ita kuma ta jefa turaren Mama a jaka, ba ta tambaya ba.

Mota ta shiga dajin da safe. Aka yi ta tafiya, daga bishiya sai ciyawa. Abin da suka gani birai ne da wata zabuwa.

Yarinyar ta ce, "Malama, wannan ne dajin da ake ta yabo? Zabuwa ai ko a bayan gidanmu akwai."

"Ki yi haƙuri," in ji Malama. "Dabbobi ba 'yan aji ba ne, da za a kira suna su amsa."

Kusa da wani tafki, jagoran daji ya sa aka kashe mota. Ya nuna musu ɗanyen kashin giwa.

"Suna kusa," ya ce a hankali. "Kowa ya natsu. Giwa ba ta gani sosai, amma hancinta ba ya kuskure."

Wari ya dami yarinyar. Ta ciro turare, ta fesa a wuya, ta fesa a iska.

Can sai rassa suka motsa. Wani dogon hanci ya ɗago sama da ganyaye, ya shinshina. Sai ya sauka. Suna ji giwayen suka juya, suka yi nisa.

"Wa ya fesa turare?" Malama ta tambaya.

Yarinyar ta ɗaga hannu, idonta ya cika da hawaye.

"Mun gode, sarauniyar ƙamshi," in ji wani yaro.

Jagoran bai yi faɗa ba. Ya nuna mata wani faffaɗan sawun giwa a laka. Ta ajiye takalminta a ciki, ta ɗauki hoto.

A gida ta mayar wa Mama turarenta, ta ba ta haƙuri. Sannan ta zauna kusa da Auta.

"Giwayen suna nan da gaske, Auta. Ni na kore su."

Auta ya daɗe yana kallon hoton.

"Yaya, ƙafar nan ta fi tiren Mama girma!" Ya yi ta dariya.

Baba ya ce, "Idan ƙafarka ta warke, tare za mu koma. Daji ba hoton bango ba ne. Mai haƙuri da jin magana shi yake ganin abin da ke cikinsa."

"Kuma babu turare," in ji Auta.