Ɗakin Malam Badamasi

Tun la'asar intanet ya ɗauke a ofishinsu na GRA, har bayan isha'i Mannir na gaban saba, babbar kwamfutar ofis. Cika ta yi. Kowane ma'aikaci yana da folda a cikinta, suna ce mata ɗaki, kuma mafi girma ita ce ta Malam Badamasi akawu, wanda aka binne jiya. 'Yarsa Iklima ta roƙi a kwafe mata hotunan da ke ciki, Mannir ya ce sai gobe. Ya daɗe yana kallon sunan, sannan ya goge foldar. Intanet ya dawo, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya.

Aka yi sallama. Kujerar bayansa ta yi ƙara, ƙamshin kafur da ɗanyar ƙasa ya cika ofishin.

"Malam Mannir, ya aiki?"

"Da godiya," ya amsa bai waiwayo ba.

"Ɗakina ya ƙi buɗewa."

"Sake sa lambar sirri," ya faɗa bisa sabo. Sai ya tuna shi ya kulle ƙofa ta ciki.

Muryar ta matso kunnensa, babu numfashi a cikinta.

"Haba ɗana. Ko sadakar uku ba a yi ba, ka watsar mani da kaya?"