Naman da Bar-su Ya Lasa

Ku matso nan, ku rage fitilar. Ɗanlasan mai saƙar tabarma abin ya samu, a hanyar fadama.

Mutum ne mai ƙyanƙyami. Wansa maharbi ya rasu ya bar masa kare, Bar-su, ramamme, kunne duk kaska. Ko buta karen ya shinshina, sai ya jefar da ita. Amma duk inda ya sa ƙafa, Bar-su na biye daga nesa.

Ran nan dare ya yi masa a kasuwa, tun safe ko koko bai sha ba. A bakin rafi ya hangi wuta. Wata tsohuwa ce, lulluɓe har ƙasa, tana juya nama. Ya yi sallama. Ba ta amsa ba, sai ta ce ta hanci, "Zauna, ɗana. Kori karen."

Ya kora, Bar-su ya ƙi tafiya. Bai yi haushi ba. Gashin bayansa ya miƙe. Ya dubi ubangidansa, ya dubi bakin zanen tsohuwar, ya sake dubansa. Ya ja masa ƙafar wando. Ɗanlasan ya shure shi.

Ta miƙo tsoka a ganye, mai na ɗiga. Ya karɓa ke nan, ko bisimilla babu, sai karen ya zabura ya lashe naman, yawu har kan yatsunsa. Bai ci ba fa. Komawa ya yi ya zauna, ya zuba masa ido.

Ɗanlasan ya yi tir, ya ture naman.

"Goge ka ci," in ji ta. "Ɗan yawu ne."

Wace uwa ce za ta ce wa mutum haka? Ya sunkuya ɗibar ƙasa ya cuɗe hannunsa. Nan ya ga abin da ke leƙe a ƙarƙashin zanen. Kofato.

Bar-su ya yi gaba, Ɗanlasan ya bi shi, bai waiwaya ba.

Da safe masu zuwa gona suka tarar da mushen jaki a gurin, ya kumbura, tsutsa na tafasa a cinyarsa. Ga yanka ɗaya can a kan ganye. Ba toka, ba alamar wuta.

Karen ya san mutuminsa. Jan wando bai yi ba, ya san yawu zai yi.

Har Ɗanlasan ya mutu bai taɓa shafa kan karen ba. Amma malmalar farko ta Bar-su ce.

Kada in ji waninku ya bi fadamar nan shi kaɗai. Kuma in kare ya ja muku wando, ku dubi ƙasa.