Koren Hoton Falon Baba

“Wa ya kashe?”

Auta ta daskare da labule a hannu. Umma ce tsaye a ƙofar falo, ruwan alwala na ɗiga daga hannunta, idonta na kan dogon ƙwan lantarkin da ke jikin silin.

“Na ce wa ya kashe wutar nan?!”

“Ni ne, Umma,” in ji Mai Hoto, yana sauke kyamara. “Irin wannan dogon ƙwan ɓata hoto yake yi, komai sai ya fito kore. Hasken taga ya fi...”

“Kunna.”

Ya danna makunni. Shiru. Ya sake dannawa, wani abu ya ce ƙas a ciki. Shi ke nan.

Da ma ɗinkin labule Auta take yi. Ta kira shi ne ya ɗauki falon don ta riƙa nuna wa masu saye, ta nan kuma Umma ta ga wanda take so. Ta gaya masa ya cire takalmi, ya durƙusa, kada ya cika surutu. Abu ɗaya ta manta.

Baba ne ya kunna ƙwan nan da hannunsa ranar da ya fita bai dawo ba. Tun daga ranar ba wanda ya taɓa makunnin. In an ɗauke wuta aka dawo da ita, ƙwan ya yi ta ƙifce-ƙifce ya kama, Umma ta ce alhamdu lillahi.

“Wallahi sai da na tambaya,” Mai Hoto ya nuna ɗan Kawu, wanda ake ce wa Injiniya saboda gyaran wuta. “Shi ya ce in kashe, ba komai.”

Injiniya ya ɗago daga waya. “Ni? Malam, ka ji tsoron Allah. Ina cikin gidan nan aka yi zaman makoki.”

Ai kuwa yana ciki. Yana kuma cikin masu son Auta tun tana ’yar makaranta.

“Ɗauki kayanka,” in ji Umma. “Mutumin da daga shigowarsa gida ya fara da kashe wuta, ban ga abin da zai kunna ba.”

“Umma, don Allah...”

“Ke kuma rufe min baki!”

Kwana da kwanaki falon na nan duhu. Injiniya ya kawo sabon ƙwai mai haske fari tas, Umma ta ce ya mayar. Auta ta rame, in ta zauna a keken ɗinki sai hawaye.

“Masoyiyata, ki ce wani abu mana,” Mai Hoto ya ce mata a waya.

“Me zan ce? Umma ta daina shiga falon. Ko sallah a ɗaki take yi.”

“In zo in gyara?”

“Kai ma ka san ba gyara take so ba... Ka haƙura da ni kawai.”

Ta kashe wayar, ta kifa kai a kan keke.

Wata safiya sai ga sallamarsa, da abu a naɗe cikin takarda. Umma ta fito da carbi, fuska ba annuri. Ya durƙusa.

“Ba roƙo na zo yi ba, Umma. Kafin in kashe na ɗauki hoto guda ɗaya na gwaji. A aikinmu irinsa gogewa ake yi, ya lalace. Na kasa gogewa.”

Ya miƙa mata.

Falon ne. Bango kore, farin labulen Auta kore-kore, kujerar Baba da dardumarsa a naɗe a hannun kujerar. A sama ga dogon ƙwan, a kunne.

Umma ta daɗe tana kallo. Carbin ya tsaya.

“Haka yake,” ta ce a hankali. “Haka fuskarsa take komawa in ya zauna a nan. In ce Alhaji, ka canza ƙwan nan, ka koma kamar marar lafiya. Ya ce ai yana aiki...”

Muryarta ta karye. Auta da ke laɓe bayan ƙofa ta fashe da kuka.

“Na san ƙwai ne kawai. Allah Ya yafe mini, na san ƙwai ne.” Umma ta share ido da gefen mayafi. “Kuma na san wanda ya ce ka kashe. Ba yau na fara sanin ɗan ƙanina ba.”

Mai Hoto bai ɗago ba.

“Ka ce wa manyanka su zo. Amma ka ji ni da kyau, a gidan nan ko ashana ka gani a kunne, ka bar ta.”

“In Allah Ya so, Umma.”

Ta juya ta shiga falon, karo na farko tun ranar. Ta jingine hoton a kujerar Baba, ta zauna kusa da shi a cikin duhun.

“Auta, buɗe labulen nan naki. Ba na ganinsa sosai.”