Mamacin da Ya Goge Fayilinsa

Da safe aka gano ɓarnar. Asibitin na kwashe bayanan marasa lafiya daga tsohon rumbun kwamfuta zuwa sabo, ta cikin wata ƙaramar na'ura da ma'aikata ke kira gada, don ita ke haɗa rumbunan biyu. Komai ya haye lafiya ban da fayilolin ɗakin tiyata. A sabon rumbu babu su, a tsohon ma an share tas. Abin da ya tayar wa kowa tsikar jiki shi ne sunan da gadar ta nuna ya ba da umarnin: tsohon injiniyan asibitin, wanda ƙasa ta riga ta rufe wa ido.

Sufeton 'yan sanda da aka kira ta shiga ɗakin rumbunan. Ba taga, sanyi kamar mutuware, sai gurnanin fankoki da 'yan korayen fitilu suna ƙifta mata. Kujerar marigayin na lungu, ba mai yarda ya zauna a kai.

"Mamaci na iya goge fayil?" ta tambayi sabuwar injiniyar.

"Katinsa na iyawa, ranki ya daɗe. Shi ke buɗe ƙofar nan, shi ke buɗe gadar. Ba a soke shi ba."

"Ke ina kike lokacin?"

"Gaban manaja, yana wanke ni tas a kan jinkiri."

Manajan ya tabbatar. Maigadi kuwa ya rantse ya ji ƙofar ta yi ƙara jiya a hutun rana, daidai lokacin da aka yi gogewar, ya hango farin abu ya shige.

"Ka bi shi?"

"Haba, 'yata! An ɗauke ni gadin masu rai ne."

Sufeto ta nufi gidan marigayin. Matarsa ta ce a asibitin ya cika, bayan wata 'yar tiyata da aka ce ba komai ba ce.

"Wa ya miƙa miki kayansa?"

"Babban likita, hannu da hannu. Agogo da tabarau."

"Katin wuyansa fa?"

"Da shi ya shiga. Ban sake gani ba."

Sufeto ta koma wurin injiniyar, ta tambaye ta ko akwai sauran abin da ya tsira. Ta ce kafin ta haɗa gadar ta ɗauki kwafin komai a wani faifai daban, ƙa'idar aiki ce. Suka buɗe fayil ɗaya kawai, na tiyatar marigayin.

Aka kira babban likita ɗakin. Ya tsaya bakin ƙofa cikin farar rigarsa, ya ƙi ƙarasowa.

"Fatalwar maigadi ke nan," in ji Sufeto. "Ka ninka wa injiniya maganin barci, bai farka ba, ka ce zuciya ce. Ka san masu tantance aiki za su bi kowane fayil bayan ƙaura. Goge guda zai nuna ka, shi ya sa ka share na ɗakin duka, da katin da ka zare daga wuyansa. Zazzage aljihunka."

Katin ya faɗo ƙasa, hoton marigayin na kallon sama. Likita bai yi musu ba. Ya miƙa hannuwa da kansa, ya ce:

"Da na danna umarnin, allon ya gaishe ni da sunansa. Ya ce barka da dawowa. Don Allah ku fitar da ni daga ɗakin nan."