Kiltin Lachie da Akwatin Murdo

Ranar Lahadi ce a tsakiyar Yuli, an dawo daga coci, zafi ya cika ɗakin girkin Murdo Gunn. A ƙauyen Achnabrae ba a saba da irin wannan rana ba. Tumaki sun laɓe a gindin katanga suna haki. Ishbel, autar Murdo, ta jera faranti huɗu a tebur, ta sake jera su, ta leƙa taga karo na biyar.

"Ki zauna mana, kin sa ni jiri," in ji Gwaggo Effie, yayar Murdo, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyar Ishbel. "Saurayi ne zai zo, ba alƙali ba."

Murdo yana kan kujerarsa da kwat ɗin coci, maɓalli har wuya, gumi na bin ƙeyarsa. Shekara arba'in da biyar ya yi yana ɗinkin kilti da hannu, wato zanen ulu mai ninki-ninki da mazan ƙasarsu ke ɗaurawa daga ƙugu zuwa gwiwa. A wurinsa kilti kayan girma ne, na biki da jana'iza. A ɗaura shi da kwat da doguwar safa da jakar fata a gaba, ninkin baya a goge kamar bakin wuƙa. In an gama a mayar da shi akwati.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Lachie MacRae, magini mai jera katangar dutse, ya shigo da furanni a hannu. Ishbel ta dube shi. Da ma ta roƙe shi ya sa wando. Bai sa ba.

Kilti ne a ƙugunsa, wanda kullum yake aiki da shi. Korensa ya koɗe, gefensa ya sha ƙasa, ga tabon kwalta a cinya. A sama baƙar tishat ce mai hoton kifi. A ƙasa takalman aiki, safa ta zube a idon sawu, ƙaurinsa duk jan cizon ƙwarin bazara. Warin tumaki ya riga shi isa tebur.

"Barka da rana, Baba. Ku yi haƙuri da lattin, tunkiyar maƙwabciyata ce ta faɗa taɓo, na tsaya ciro ta."

Murdo bai miƙa hannu ba. Ya dube shi daga gwiwa zuwa ƙugu, ya yamutsa fuska kamar wanda ya ga gashi a miya.

"Mene ne wannan a jikinka?"

"Kilti ne, Baba."

"Tsumma dai. Tir! Da shi kake goge hannu in ka gama aiki?"

"Wani lokaci," in ji Lachie, don shi bai iya ƙarya ba. "A zafin nan ya fi wando daɗi, iska tana shiga ta ko'ina."

Gwaggo Effie ta toshe hanci da gefen ƙyallen girki. "Mu ma iskar tana iso mu, ɗan nan."

Aka zuba naman rago da dankali. Murdo ya ture farantinsa. Ya ce abinci ba zai wuce maƙogwaronsa ba yana kallon gwiwar ƙato da gashi. Ya tashi ya shige ɗakin ɗinkinsa.

A gidan Gunn akwai al'ada. Duk wanda zai auri 'yar gidan, Murdo ne ke ɗinka masa kiltin aure. Ran da ya ɗauko tef ɗin awo ya gwada mutum, ran nan ya yarda da shi. Haka ya yi wa mazan yayyen Ishbel biyu. In bai gwada ba, ba zai taka coci ya miƙa 'yarsa ba, kowa a ƙauyen ya san haka.

Ishbel ta bi shi. "Baba, ka ko tambaye shi sunan iyayensa?"

"Na ga abin da zan gani. Mutumin da ya mai da tufar kakanninsa tsumman aiki, haka zai mai da matarsa. Tef ɗina ba zai taɓa ƙugunsa ba."

"Haba Baba! Lachie ne fa ya gyara katangar maƙabarta kyauta."

"Da wannan ƙazantar a jikinsa, a kan kabarin uwarki? Fita ki ba ni wuri."

Ta fita tana hawaye.

Sati uku gidan ba daɗi. Zafi bai sauka ba, Murdo ma bai sauka ba. In Lachie ya wuce ta gaban shagon ɗinkin a kan kekensa, kiltin na kaɗawa, sai tsohon ya ja tsaki ya saki labule. Gwaggo Effie kuma ta samu abin yi. Kullum da sunan wani saurayin da take kawo wa Ishbel.

"Ga ɗan likitan nan mai aiki a banki. Kin ga kiltinsa ranar bikin ƙanwarsa? Kamar a lashe!"

"Hayarsa ya yi, Gwaggo. Ranar Litinin ya mayar."

"To ai gara na haya mai tsabta da na gado mai warin bunsuru."

Wata Laraba Ishbel ta kai wa Lachie shayi a gonar da yake jera dutse. Ta zauna a kan katanga, idanunta a kumbure.

"Mu tafi birnin Inverness kawai," in ji shi. "Minti goma a ofishin rajistar aure, an ɗaura."

"A'a. Ba zan yi aure babana yana bayan labule ba. Ko shekara nawa ne zan jira." Ta share fuska. "Amma kai ma, Lachie, don Allah, zane ne fa. Zane! A kansa za ka rasa ni?"

Ya ajiye gudumarsa. Ya shafa kiltin a cinyarsa.

"Na kakana ne. Ran da ya ba ni ya ce kada in kuskura in ajiye shi, in sa shi har ya mutu a jikina. Shi ma a ciki ya yi kiwo shekara talatin." Ya dubi fuskarta. "Amma kakana ba ya kuka yanzu. Ke ce kike yi. Gobe zan kai wa Baba shi."

Washegari da hantsi ya zo cikin wando mai kauri, yana tafiya kamar an ɗaure masa ƙafa. Ya ajiye kiltin a kan teburin ɗinki, a naɗe.

"Ga shi, Baba. Ka adana shi inda ka ga dama. Na bar shi saboda Ishbel."

Murdo ya yi gyaran murya, ya ji daɗin nasara. "Yanzu ka fara hankali. Zo in nuna maka yadda masu mutunci ke ajiye kilti."

Ya jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin tebur. Ishbel ta san shi. A ciki kiltin Murdo yake, wanda ya auri mahaifiyarta da shi. Rabonsa da shi tun ranar jana'izarta, shekara goma sha ɗaya. Ya kulle, ya hana kowa taɓawa. Ko bikin yayyenta da baƙin kwat da wando ya je, ya ce sai ranar auren auta zai fito da shi.

Ya murɗa makulli, ya ɗaga murfi.

Wani wari ya bugo, na ruma da ruɓa. Ƙananan asu suka tashi fuuu, suka bi fuskar Gwaggo Effie. Ta yi ihu tana kaɗe gashi. Murdo ya sa hannu ya ɗago kiltin, sai rabinsa ya biyo shi, rabi ya zauna a akwati. Duk ninkin ya zama raga. Fararen tsutsotsi suna motsi a cikin ulun, wasu suka zubo kan takalminsa.

"Wayyo, amai zan yi!" in ji Gwaggo Effie. "Shekara nawa ina ce maka a fito da shi ya sha iska? Ka ce in na taɓa sai ka kore ni. To ga mutuncin naka nan, yana rarrafe!"

Murdo ya saki abin da ke hannunsa. Ya zauna daɓas. Lachie ya ɗauki akwatin ya fita da shi tsakar rana, ya dawo ya share tsutsotsin da tsintsiya.

Kiltinsa yana nan kan tebur. Hannun maɗinki ba ya zama banza. Murdo ya ja shi da yatsa biyu yana kawar da hanci. Ya buɗe ninki ɗaya, ya ja. Bai motsa ba. Ya ja na biyu da ƙarfi. Ya sa tabarau, ya juya cikin ƙugun, ya tsaya cak. A ƙarƙashin shafin akwai ƙulli uku na jan zare a jere.

"A ina kakanka ya samo wannan?"

"A Inverness, wajen wani tsohon tela. Ya ce yaron shagon ne ya ɗinka, shi ya sa aka yi masa rangwame."

"Ni ne yaron," in ji Murdo, yana nuna ƙullin nan uku, alamar ɗinkinsa. "Shi ne na farko da na gama da hannuna. Maigidana ya ce ba zai yi shekara biyar ba."

Ya shafa tabon kwaltar da babban yatsa. Ishbel ta ga idonsa ya kawo ruwa, ta kawar da kai don kada ya ji kunya.

"Har yanzu yana wari," in ji shi can. "A wanke shi da ruwan sanyi, kada wanda ya sa masa na zafi. Kai kuma in an jima ka cire wannan wandon, ka yi kama da buhun dankali. Durƙusa."

Lachie ya dubi Ishbel a ruɗe. Ita kuwa ta riga ta rufe baki da hannu biyu, don ta san a durƙushe ake gwada tsawon kilti, daga cibiya zuwa ƙasa. Murdo ya zaro tef daga wuyansa.

"Miƙe bayanka, sakarai! Biyu zan ɗinka. Mai nauyi na coci, marar nauyi na aiki. Amma tishat mai kifin nan, in na sake ganinta a teburina, sai na sa ta a murhu."

An ɗaura aure a watan Satumba. Sabon kiltin ango ya cinye wa Murdo lokaci, bai samu ya ɗinka nasa ba. Tsohon kiltin Lachie Murdo ya ɗaura, ya taka coci riƙe da hannun 'yarsa, an wanke an goge, tabon kwalta dai ya ƙi fita.

"Ɗan zuriyar Gunn a cikin launin zuriyar MacRae!" in ji Gwaggo Effie a bakin ƙofa, don kowace zuriya da launin kiltinta. "Babanmu zai juya a kabari."

"Ya juya," in ji Murdo. "Ɗinkina ne."

Ishbel ta yi haƙuri, ba ta gudu ta bar ubanta ba, kuma ba ta saki wanda take so ba, sai ga shi ta samu duka biyun. Ku yara masu tasowa, ku riƙe wannan. Kada ku auna mutum da tabon da ke jikin tufarsa, ku duba abin da ya iya bari saboda wani. Ƙauna kuma ba kayan akwati ba ce da za a kulle sai ranar biki. A sa ta kullum, ta sha rana, ta sha ƙasa. Wadda aka ɓoye ita asu ke ci.